'Yan Faifai da 'Yan Saukewa: Jinsunan Masu Sayen Gem

Wasa ɗaya ne, kamfani ɗaya ya yi shi, rana ɗaya ya fito. Na farko an buga shi a faifai, an sa shi a gidan roba, an loda a jirgi, an biya kwastan, mai shago ya ɗora ribarsa. Na biyu ba faifai, ba roba, ba ɗan dako. Dannawa za ka yi ya sauko ta intanet, kuma da datarka. Hankali zai ce na biyun ya fi araha. Je ka duba: duka dala 70 ne. Ka koma bayan wata uku, sau da yawa za ka tarar na faifan ya karye a shago, na intanet kuwa yana nan daram, ko gezau.

A 2020 ne farashin manyan wasanni ya fara tashi daga dala 60 zuwa 70, kuma a shekarar ne Sony ya fito da PlayStation 5 iri biyu, mai cin faifai a dala 499 da marar ci a dala 399. Tun daga lokacin masu buga gem suka rabu gida-gida, kowa na rantsuwa shi ne ya yi wa kasuwa wayo. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga kansa ya yi shiru, ba a kama suna ba.

Alhaji Mai Kanta

Wannan ado yake saya, wasan gyara ne aka ɗora masa. Falonsa kanta ce daga ƙasa har silin: shuɗayen robobin PlayStation a jere, korayen Xbox a ƙasansu, jajayen Nintendo Switch a gefe, kowanne bisa harafin farko na sunansa. In ya sayo sabo, kafin ya sa a na'ura sai ya ɓare ledar a hankali, ya buɗe, ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Ɗan baƙo ya miƙa hannu wajen kantar, sai ka ji tsawa: "Kai! Hannunka da maiƙo!"

Wasan da ya fi so guda biyu yake saya, ɗaya na bugawa, ɗaya na ajiya a cikin ledarsa. Hujjarsa ɗaya ce kuma ya haddace ta: a Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 na 1996 wanda ba a taɓa buɗewa ba, aka saye shi dala miliyan 1.56 a Amurka. In uwargida ta ce, "Baban Ummi, wannan tarkacen fa ya cinye mana falo," sai ya gyara zama ya ce, "Tarkace? Hajiya, jari ne." Abin da ba ya gaya mata shi ne, rabin jarin tsofaffin wasannin ƙwallo ne waɗanda aka buga miliyoyinsu, waɗanda ko kyauta ka bayar sai an tambaye ka ko ba ka da na bana.

Shi ne kuma ya ji labarin cewa Nintendo na shafa wa 'yan katunan Switch wani sinadari mai ɗaci don kada yara su haɗiye. Bai yarda ba sai da ya lasa. Gaskiya ne. Ya wuni yana tofar da yawu, amma ya ce ko wannan ɗacin ɗan saukewa ba zai taɓa samu ba.

Ɗan Juyi

Takensa shi ne sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ya sayi faifai ranar Juma'a, ya kulle ƙofa, ya kashe waya, ya gama wasan daren Lahadi, Litinin da safe yana bakin shago. Duk inda jaruman wasa suka tsaya hira sai ya tsallake, don kowane minti farashi sauka yake yi. Ka tambaye shi, "Abokina, ya labarin wasan yake?" sai ya ce, "Lafiya lau, ko ƙwarzane babu."

Lissafinsa ba ƙarya a ciki. In ya saya dala 70 ya sayar 50, to dala 20 ya buga wasan, kuma babu shagon intanet da zai ba shi wannan farashi a makon fitowa. Yana da ranar tarihi da yake tunawa: Yunin 2013, lokacin da Microsoft ya so ya ƙuntata sayar da faifan hannu a Xbox One. Sony ya saki wani ɗan bidiyo da bai kai rabin minti ba, wai na koyar da yadda ake ba da aron wasa a PlayStation 4: ma'aikacin Sony Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes faifai, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. Shi ke nan darasin. Duniya ta yi dariya, kafin watan ya ƙare Microsoft ya janye.

Inda Ɗan Juyi ke shan kashi shi ne gaban mai shago. Mai shago ya zaro faifan, ya juya bayansa ga fitila, ya karkata shi hagu da dama, ya hura masa iska, ya goga a riga, ya tsuke baki. "Oga, wannan ai ya sha jiki. Kuma ba ya tafiya yanzu. Don dai kai ne." Ya taya shi rabin kuɗi. Kafin Ɗan Juyi ya kai bakin titi, an liƙa wa faifan sabon farashi an rataye a gaba-gaba.

Sarkin Kujera

Ya rantse ba zai ƙara tashi daga zaune don canza faifai ba, kuma ya cika alkawari. Kada a raina masa hankali, yana da hujjoji: kayansa ba sa ƙwarzanewa, ba sa ɓata a ƙaura, ƙani ba ya sacewa ya kai makaranta. Sabon wasa yana sauke shi tun kwana biyu kafin fitowa, sha biyun dare na bugawa ya fara, lokacin da Alhaji Mai Kanta ke jiran mai kawo saƙo. Kuma ba shi kaɗai ba ne: alƙaluman Sony na shekarun nan sun nuna kusan kashi uku cikin huɗu na wasannin da ake saya a PlayStation ta intanet ake saukewa.

Alfaharinsa shi ne dala 100 da ya tsira da ita ranar da ya zaɓi na'ura marar faifai. Abin da bai lura ba, ya shiga gari ne mai shago ɗaya tal, kuma mai garin shi ne mai shagon. Tun 2019 Sony ya daina bai wa 'yan kasuwa lambobin saukar da wasanninsa su sayar, don haka babu wani maƙwabci da zai karya farashi. A al'adar irin waɗannan shaguna, mai shago na ɗaukar kimanin kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki. Mai shagon faifai yana da haya a kansa da kaya da suka yi kwantai, dole ya sauke farashi ya rabu da su. Shagon intanet ba shi da sito da zai cika, ba kayan da zai yi ƙura, to me zai sa shi gaggawa? Wasa huɗu ko biyar, dala ɗarin nan ta koma inda ta fito.

Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da na'ura ta ce wuri ya ƙare. Wasa ɗaya na iya cin gigabait sama da 100. Sai ya zauna ya zuba wa jerin ido yana tunanin wanda zai goge, yana ba kowanne haƙuri, yana alkawarin zai dawo da shi. Ba ya dawowa da shi.

Malam Sai-An-Yi-Rangwame

Ɗan kwamfuta ne, gidansa Steam, shagon da kamfanin Valve ya buɗe a 2003. Bai san sabon wasa ba, ba ya kuma son sani. Kalandarsa ba ta da damina da rani, garaɓasar tsakiyar shekara da ta ƙarshen shekara kawai ta sani. Ya ga an zaftare kashi 75 sai jikinsa ya fara rawa. Bai san wasan ba, bai iya irinsa ba, kwamfutarsa ma ba za ta ɗauka ba, amma ina zai ga araha ya wuce?

Rumbunsa na da ɗaruruwan wasanni, wanda yake bugawa guda ɗaya ne, kuma na kyauta ne. Da safe zai ce maka, "Jiya na ci ribar dala 200." Ka bincika, ka tarar dala 60 ya kashe kan abin da bai taɓa niyyar saya ba. Ya kuma haddace dokar mayar da kaya ta Steam: cikin kwana 14, muddin ba ka buga ya kai awa 2 ba. Saboda haka da agogo a gefe yake wasa. Awa ɗaya da minti 55 na cika ya kashe, ya rubuta musu cewa wasan bai yi masa ba, alhali yanzu ya fara daɗi.

Yana da ƙane, Ɗan Banza-Ta-Samu, wanda ko rangwamen ma bai yarda da shi ba. Shi kowace Alhamis yana ƙofar shagon Epic, wanda aka buɗe a ƙarshen 2018 yake raba wasa kyauta don jan jama'a. A Mayun 2020 da aka saki Grand Theft Auto V kyauta, shi da ire-irensa suka yi wa shagon dafifi har ya durƙushe na sa'o'i. Ya karɓa dai. Buɗewa sai wani jiƙon.

Ɗan Haya

Shi ya ce saye ma gaba ɗaya tsohon yayi ne. Tun da Microsoft ya fito da Game Pass a 2017 yake biyan kuɗin wata, a buɗe masa ɗaruruwan wasanni. In ya dawo aiki ya yi wanka ya zauna, sai ya fara zaɓe. Ya gangara, ya hauro, ya sauke wannan, ya buga minti goma, ya goge, ya gangara. Barci ya kwashe shi da fad ɗin wasa a hannu bai yanke shawara ba.

Ranar da Allah ya sa ya kamu da wani wasa, ya yi makonni a kai, saura faɗan ƙarshe, sai sanarwa ta fito cewa wasan zai bar jerin ƙarshen wata, amma in yana so a sayar masa da ragi. A Oktoban 2025 kuma babban matakin biyan ya tashi daga dala 19.99 zuwa 29.99 a wata. A wannan farashi shekara ɗaya kusan dala 360 ke nan, kuɗin sababbin wasanni biyar. Ya fusata ya ce yau zai soke. Ya manta. Banki bai manta ba.

Ɗan Ƙasa Goma

A Fagge aka haife shi, iyakar tafiyarsa Abuja, amma a PlayStation mazaunin jihar Oregon ne. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya: in ka zo buɗe asusu, a jerin ƙasashen babu Nijeriya, babu Nijar, babu Ghana, sai dai Afirka ta Kudu. To tunda dole sai an ari gari, ya zaɓi inda ba a ɗora harajin saye, irin su Oregon da Delaware, ya kwafi adireshin wani otal da bai taɓa gani ba.

A Steam kuwa ya yi shekaru yana ɗan Ajantina, daga baya ya koma Baturke, saboda farashin ƙasashen nan biyu ya yi ƙasa ƙwarai da faɗuwar kuɗinsu. A Nuwamban 2023 Valve ya mayar da su biyun kan dala, ya wayi gari ba shi da ƙasa. Ga katin naira: a 2022 bankuna da yawa suka rage abin da za a iya kashewa waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ƙofar ɗungurungum na wani lokaci. Sai ya koma sayen katin caji daga hannun wani a WhatsApp, ya tura kuɗi, ya zauna yana kallon alamar cewa mutumin na rubutu, gabansa na faɗuwa.

Shi ya fi kowa sanin nauyin dala 70. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, wasa ɗaya ya wuce naira 100,000, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Masifarsa babba tana zuwa ranar da ya manta lambar sirri, aka ce ya tabbatar da ranar haihuwarsa. Ya dafe kai ya kira amininsa: "Don Allah, yaushe na ce an haife ni a Oregon?"

Mai Faifan Wofi

Ya zauna ya yi tunani irin na masu hankali: data tsada, intanet rarrafe, gara in sayi faifai in sa in buga. Ya je kasuwa ya biya, ya dawo ya sa, na'ura ta ce ya jira. A 2022 masu binciken ƙwaƙwaf sun gano faifan Call of Duty: Modern Warfare II na PlayStation 5 na ɗauke da kimanin megabait 70 ne kacal, sauran wasan, gigabait masu yawan gaske, sai an sauke. Hoton biki ɗaya mai kyau da ɗan bidiyon kamu sun fi abin da ke cikin faifan nauyi.

Don haka ya sayi datar dare, ya sa ƙararrawa, ya tashi ƙarfe ɗaya ya kunna, ya zauna yana gadin sandar da ke cika a hankali. Ta kai kashi 87 aka ɗauke wuta. An gudu ba a tsira ba.

Da Switch 2 ta fito a Yunin 2025, Nintendo ya ba abin suna a fili: akwai katunan da makulli ne kawai, wasan ba ya ciki, sai ka sauke, kuma duk sanda za ka buga dole katin na cikin na'ura. Wahalar ɗan saukewa da wahalar ɗan faifai ke nan a gidan roba ɗaya. Abin da ya rage masa na ta'aziyya, makullin ana iya sayar da shi, ana iya ba da aronsa.

Malam Ai-Na-Faɗa

Shi kaɗai ne a duniya ya karanta dogon rubutun nan da kowa ke danna amincewa ba tare da ya duba ba, kuma tun ranar bai sake samun natsuwa ba. Ka ce masa ka sayi wasa, sai ya girgiza kai: "Ba saya ka yi ba, ɗan uwa. Lasisi aka ba ka."

Yana da jerin matattu da yake karantowa. P.T., ɗan wasan tsoro na Hideo Kojima, an cire shi daga shagon PlayStation a Afrilun 2015, har aka riƙa tallata na'urorin da ke ɗauke da shi da tsadar hauka. Shagon 3DS da Wii U an rufe a Maris 2023. Na Xbox 360 ya bi su a Yulin 2024. In Alhaji Mai Kanta ya fara murmushi, sai ya juyo kansa: The Crew, wasan tseren motoci na Ubisoft, da aka kashe na'urorin da ke riƙe da shi a ƙarshen Maris 2024, har mai faifai bai tsira ba, faifan ya zama abin ɗora kofin shayi. Wannan ne ya sa Ross Scott ya tayar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka da ta fara aiki a farkon 2025, cewa shago ba zai rubuta maka saye ba alhali lasisi yake nufi, sai ya bayyana.

Inda ya fi ɗaukar zafi shi ne maganar gado. A ƙa'idar Steam asusu ba ya canza hannu, ko da wasiyya. "Ka tara wasannin miliyoyin naira," in ji shi, "ranar rabo ko tumunin takaba ba za a fitar a ciki ba." Abin haushi da shi, gaskiya yake faɗa. Abin dariya da shi, daren jiya ya sayi wasa shida a garaɓasa.

Hajiya Mai Biya

Ba ta taɓa riƙe fad ba, amma kuɗin duk daga jakarta suke fita. Yaro ya ci jarrabawa, ta je da kanta ta zaɓo masa faifai, ta yi ciniki har mai shago ya yi gumi. Ta kawo gida, yaro ya sunkuyar da kai: "Umma, ai tawa ba ta cin faifai." Ta ɗauki na'urar ta juya gaba da baya tana neman kafa. "Da kuɗina aka sayo min abin da ba shi da baki?" In aka ce mata PlayStation 5 Pro a dala 700 ta fito a 2024, kuma bakin daban ake sayensa dala 80, sai ta yi salati.

Ranar da yaron ya karɓi kuɗi ya saya ta intanet kuwa, tambaya ɗaya take yi: "To ina kayan?" Ya nuna mata wani ɗan hoto a talabijin. Ta daɗe tana kallonsa. Malam Ai-Na-Faɗa ya yi shekara goma yana bayani, ita ta gama shi da kalma uku.

Aboki Mai Aro

Bai taɓa sayen wasa ba a rayuwarsa, kuma babu wanda bai buga ba. Yana shigowa da sallama mai daɗi, ya gaida mutan gida, ya yabi kanta, ya zaro ɗaya: "Wannan ai ka gama shi ko? Jibi-jibi zan dawo da shi." Jibinsa ba ta da wata. In ka matsa, faifan na wajen ɗan uwansa, ɗan uwan ya ba wani, wanin ya tafi bautar ƙasa. In ya dawo ma, a gidan wani wasan yake dawowa, da shatin yatsa na man gyaɗa.

Kowa na ƙorafi da shi, amma a duba da kyau: duk wannan rigima a kansa ake yin ta. Faifai ɗaya zai iya zaga mutum goma ta hanyar aro da sayarwa, kamfani sau ɗaya ya ga kuɗi. Wasan da aka sauke kuwa a asusun mai shi yake rayuwa, a nan yake mutuwa. Roba da kuɗin jirgi ba su ne suka tsone wa kamfanoni ido ba. Hannu na biyu da na uku ne, wato Mai Aro da Ɗan Juyi. Shi ya sa wanda ya sayi faifai da wanda ya sauke suka biya kuɗi ɗaya amma ba abu ɗaya suka tafi da shi gida ba. Ɗaya ya sayi 'yancin rabuwa da kayansa yadda ya ga dama, ɗaya ya sayi hutun ƙafafunsa. Kowa ya san wanda ya fi buƙata.

Kamfanonin sun ɗan tausaya, sun ƙirƙiro aro na zamani. Steam ya ba iyalin gida ɗaya damar raba rumbu tsakanin mutum shida. Nintendo ya fito da tsarin da za ka ara wa ɗan gidanku wasan da ka sauke, bayan kwana 14 ya komo wurinka da kansa, ba kira, ba aike, ba ɓacin rai. Da aka ba Mai Aro wannan labari, ya yi shiru ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya tafa hannu ya ce, "Kayan aro ya koma da ƙafarsa? To wallahi zumunci ya ƙare."